Farfesa mai tarin takardu ko kwansaltan da kullum hannunsa na cikin ciki, wa za a ba aikin kansar hanji?

Tun ranar da sakamakon ɗan naman da aka yanko daga cikin kawunmu ya fito aka tabbatar kansa ce a can ƙarshen babban hanji kusa da dubura, guruf ɗin gidanmu na WhatsApp bai sake barci ba. Kusan shekara biyu bawan Allah nan yana ganin jini a bayan gida yana ta shan maganin basir, na kwalba da na gari da wanda ake zama a ciki, kun dai san halinmu, duk jinin da ya fito ta ƙasa basir ne har sai ranar da Allah ya sa aka zura kyamara. To an zura an gani, magana ta koma kan wa zai yi aikin. Sunaye biyu aka kawo. Ɗaya farfesa ne, ƙanwata mai digiri na biyu ta ɗauko hoton shafinsa na Google Scholar, inda ake jera takardun binciken da mutum ya buga, ta turo, takardu rututu lambobi manya-manya, ta rubuta a ƙasa wai "Yaya ai wannan ba sai an yi musu ba". Ɗayan kwansaltan ne kawai, in ka buga sunansa a intanet da ƙyar ka ga takardu goma, amma duk wanda ya taɓa shiga tiyata da shi zai ce maka hannun mutumin nan daban ne. Da yake ni ne nas ɗin tiyata a gidan, shekara da shekaru ina miƙa almakashi da zare, sai aka jibgo min kayan a ka, kowa "kai ka sani".

Abin da na fara yi shi ne na zauna na bi shafin nan na farfesa layi-layi, don yawancinmu lambar da ke gefe kawai muke kallo. Lambar nan da ake kira ma'aunin h, wani masanin fiziya ne a Amurka mai suna Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ta a 2005, kuma lissafinta ba wuya, in aka ce mutum h ɗinsa 30 ne to yana da takardu 30 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 30 a rubuce-rubucen wasu. Shi ke nan. Abin da take aunawa shi ne yawan masu ɗauko maganarka, ba ruwanta da ko ɗinkin da ka yi wa hanji ya riƙe ko ya ɓalle, ba ruwanta da ko majinyacinka ya taka da ƙafarsa ya koma gida. Kuma lambar ba ta sauka, ko mutum ya shekara goma bai riƙe wuƙa ba tana nan, wataƙila ma tana ta hawa.

Sai kuma inda sunan mutum ya faɗo a jerin marubuta. A al'adar mujallun likitanci na farko shi ne ya yi wahalar aikin, na ƙarshe galibi shi ne maigidan da ya jagoranci binciken, na tsakiya kuwa Allah kaɗai ya san me kowa ya yi, wani ya ba da majinyata, wani shugaban sashe ne kawai ba a iya tsallake shi. Yanzu ma akwai manyan bincike na haɗaka irin na GlobalSurg, wanda ya fito a mujallar Lancet a 2021 kan tiyatar kansa ya haɗa majinyata 15,958 daga asibitoci 428 a ƙasashe 82, to irin wannan dubban mutane ake jerawa a matsayin masu hannu a ciki, kuma duk ambaton da aka yi wa takardar yana iya shiga shafin kowannensu. Ba laifi ba ne, aiki ne mai kyau kuma mutanenmu da yawa sun ba da gudummawa, amma ka ga mutum zai iya tara ambato dubbai ba tare da ya rubuta layi ɗaya kan yadda shi kansa yake yanke kansar dubura ba. Ga kuma batun ƙarin girma, a jami'o'inmu ba ka hawa mataki sai da takardu, shi ya sa ake ta buga labarin majinyaci guda ɗaya da aka ga wani abin mamaki a cikinsa, ko a miƙa wa mujallun nan na biya-a-buga-maka waɗanda wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya riƙa jera sunayensu har ya rufe jerin a farkon 2017. Kafin ka ruɗu da yawa, buga sunan likitan a PubMed, rumbun takardun binciken likitanci na intanet, tare da sunan cutar da Turanci, ka ga nawa suka rage. Na farfesan namu da na yi haka sai tarin nan ya zube, mafi yawa kan gwaiwa ne da gyambon ciki da haɗaka, kaɗan ne suka taɓa kansar hanji.

Amma kar wani ya ɗauka ina cewa bincike shirme ne, wallahi duk wanda ya tsira daga kansar dubura a yau albarkacin wasu takardu 'yan ƙalilan ya ci, bayan ikon Allah. A 1908 Ernest Miles a Landan ya bayyana aikin da ake cire ƙarshen hanji da duburar gaba ɗaya a fito wa mutum da hanji ta gefen ciki ya riƙa bayan gida a jaka har ƙarshen rayuwa, cikin mutum 12 na farko da ya ba da labarinsu 5 sun mutu sanadin aikin, amma duk da haka shi ne ya zama hanya shekaru da dama. Ko da aka zo ana iya haɗa hanjin a bar wa mutum duburarsa, matsalar da ta addabi kowa ita ce kansar tana dawowa a cikin ƙugu, a wurare da yawa mutum 2 ko 3 cikin kowane 10, kuma dawowarta a nan azaba ce da ba na so in kwatanta, na ga masu ita.

Sai wani likita Bill Heald, wanda ba a wani babban asibitin jami'a yake ba, a asibitin gunduma yake a garin Basingstoke na Ingila, ya lura da wani abu. Ƙarshen hanjin nan yana zaune ne cikin wani kitse mai ɗauke da kaluluwa da jijiyoyin jini, kitsen kuma yana lulluɓe da wani siririn tantani kamar jaka. Likitocin lokacin hannu suke zurawa su fizgo hanjin, jakar ta yage, a bar guntayen kitse a ciki da 'ya'yan kansa a maƙale. Shi sai ya ce a'a, a bi ta bayan tantanin da almakashi ido na gani, a ciro jakar sukutum ba a huda ta ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan ƙwararren mahauci yana raba matsarmama da hanta ya san abin da nake nufi, in ta fashe nama ya ɓaci, in ta fita lafiya shi ke nan. A 1982 ya buga takarda a British Journal of Surgery wadda ginshiƙinta majinyata 5 ne kacal da aka samu ɗigon kansa a cikin kitsen nesa da inda ƙarin yake, a 1986 kuma shi da Ryall suka kawo sakamakon mutum 115 a Lancet, dawowar kansa a ƙugu ƙasa da kashi 4 cikin 100 bayan shekara 5. Mutane suka ƙi yarda, wasu suka ce zaɓen majinyata yake yi, har sai da wani likita daga Kanada, John MacFarlane, ya zo ya zauna ya bi fayil-fayil ɗinsa da kansa, sakamakon ya fito a 1993 ya tabbatar da maganar. Wannan aiki shi ake kira TME, kuma yau duk likitan da zai taɓa kansar dubura bai san shi ba to ka ɗauki takalminka.

A shekarar 1986 ɗin dai wani likitan duba nama a Leeds, Phil Quirke, ya nuna cewa abin da ke faɗa maka ko kansar za ta dawo shi ne gefen naman da aka ciro ta kewaye, in ƙarin ya taɓo bakin yankan ko ya matso shi da milimita 1 to akwai matsala. Ka ga an samu alƙali ke nan, likitan fiɗa ba zai ƙara cewa "aiki ya yi kyau" a wuce wurin ba, naman da ya ciro zai ba da shaida a kansa.

To abin da ya sa na daɗe kan labarin Heald shi ne, tasirinsa bai zo daga yawan takardu ba, ya zo ne daga cewa ya ƙirga majinyatansa na kansa, ya bi su shekara da shekaru, ya fito da lambobin a fili ya bari wani ya zo ya bincike shi. Kuma abin ya koyu. A Stockholm ta ƙasar Suwidin an fara horar da likitoci kan salon nasa a 1994, da aka auna aka buga a 2000 dawowar kansa a ƙugu ta sauko daga kashi 14 zuwa 15 ta koma kashi 6, masu tashi da jaka ta dindindin kuma suka ragu daga sama da rabi zuwa kashi 27. Wannan shi ne tasiri, ba adadin shafuka ba. Saboda haka tambayar da na mayar wa ƙanwata ita ce, cikin takardun nan akwai wadda farfesa ya ce ga mutanen da na yi wa aikin kansar dubura, ga waɗanda ɗinkinsu ya yi yoyo, ga waɗanda ta dawo musu, ga waɗanda suka rasu? Takarda ɗaya irin wannan ta fi min hamsin na wani fanni.

Yanzu ɓangaren kwansaltan mai hannu. Hujjar masu goyon bayansa tana da ƙarfi, kuma abin dariya binciken ne ma ya ba su ita. A 1991 McArdle da Hole suka duba majinyatan kansar hanji 645 da likitoci 13 suka yi wa aiki a asibiti guda a Glasgow, asibiti ɗaya fa, gado ɗaya nas-nas ɗaya, amma yoyon ɗinki daga sifili a hannun wani har kashi 25 a hannun wani, dawowar kansa a wurin daga sifili har kashi 21. Wato wanda ya riƙe wuƙar shi kansa wani ɓangare ne na ko za ka warke. A Stockholm ɗin nan ma da suka sake dubawa sun ga likitocin da ke yin aikin fiye da sau 12 a shekara dawowar kansa a ƙugu a hannunsu kashi 4 ce, masu yi jefi-jefi kashi 10. Ƙugun namiji matsattse ne mai zurfi, ga jijiyoyin fitsari da na mazakuta suna bi ta gefen inda ake yankan, ga jijiyoyin jini a bayan da in suka fashe kowa a ɗakin sai ya yi salati, irin wannan wuri hannu ne ke sabawa da shi, karatu kaɗai ba ya kai ka. Ni da idona na ga masu manyan muƙamai da in suka shiga ƙugu gumi ke karyo musu, na kuma ga wanda ba a san shi a ko'ina ba yana bin tantanin nan kamar yana ɓare dafaffen ƙwai.

Sai dai hannu ma yana da nasa ramin. Likitan da ya ƙware amma ya daina karatu zai yi maka aikin 1995 da kyau ƙwarai a lokacin da duniya ta wuce nan. Maganin kansar dubura yanzu ba wuƙa ce farko ba a lokuta da yawa. Ana fara ɗaukar hoton MRI na ƙugu a ga ko ƙarin ya kusa tantanin, in ya kusa a fara da gashi, wato gasa ƙarin da hasken na'ura, da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ya motse tukuna. Babban gwajin da aka yi a Holan kan mutum 1,861 wanda ya fito a 2001 ya nuna ko da an yi TME mai kyau, gashi kafin aiki ya rage dawowar kansa a ƙugu cikin shekara 2 daga kashi 8.2 zuwa 2.4. Sannan ga wata likita 'yar Birazil, Angelita Habr-Gama ta Sao Paulo, da ta zo da maganar da aka ɗauka hauka ce a farko, ta ce wasu in an yi musu gashi da kemo ƙarin yana ɓacewa ƙurmus, me zai sa a yanke musu dubura? A 2004 ta ba da labarin mutum 265, 71 daga cikinsu ba a yi musu aiki ba aka riƙa sa musu ido kawai, kuma suka yi kyau. Yau wannan hanya ce da ake bi a manyan cibiyoyi, da sharaɗin majinyaci zai riƙa dawowa ana duba shi da yatsa da kyamara da MRI a kai a kai, wanda gaskiya ga mutumin da ke ƙauye kuɗin mota ma aiki ne, sharaɗi ne mai nauyi, in ba za a iya cika shi ba gara a yi aikin. Amma ka ga likitan da bai bi wannan zance ba ko tayin ba zai yi maka ba.

Akwai ma wanda ya shafe mu kai tsaye. Farfesa Olusegun Alatise na asibitin koyarwa na Ile-Ife da Peter Kingham na cibiyar kansa ta Memorial Sloan Kettering a New York sun kafa ƙungiyar bincike mai suna ARGO a 2013, kuma a 2021 suka buga cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kansar hanjin 'yan Najeriya da suka gwada tana da wata alama ta ƙwayar halitta da ake kira MSI, adadin da ya zarce na majinyatan Amurka sosai. Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda irin wannan kansar ita ce ke jin sabbin magungunan nan masu tayar da garkuwar jiki, a 2022 a cibiyar New York ɗin an ba mutum 12 masu kansar dubura irin wannan maganin dostarlimab, dukkansu ƙarin ya ɓace ba gashi ba wuƙa. Maganin yana da tsadar da sai dai a yi shiru, amma gwajin alamar a jikin naman da aka riga aka yanko ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma likitan da ke cikin harkar bincike shi ne zai tuna ya ce a yi. Nan kam maki na farfesa ne, in dai farfesan na wannan fannin ne.

To amma son sabon abu shi ma yana kai mutum ya baro. An ƙirƙiro wani salo na yin TME ta ƙasa, a shiga ta dubura da kyamara, aka fara bayyana shi a 2010, manyan masu suna suka rungume shi takardu suka yi ta fitowa ana yabo. Ƙasar Norwe da yake suna da rajistar kowane majinyaci sai suka ga wani abu, cikin mutum 157 da aka yi wa, 12 kansar ta dawo musu da wuri kuma a warwatse cikin ƙugu, a ƙarshen 2018 suka dakatar da salon a ƙasar baki ɗaya. Wasu cibiyoyin da suka ƙware suna ci gaba da yi da sakamako mai kyau, amma ni dai ba na so kawuna ya zama majinyaci na bakwai da wani ke koyon sabon salo a kansa don ya samu abin gabatarwa a taro. Haka zancen mutum-mutumi, dillalan asibitocin Indiya da Masar da ke yawo a wayoyinmu abin da suke fara ɗaga maka ke nan, "robot ne zai yi aikin Alhaji". Gwajin ROLARR da ya fito a 2017 kan mutum 471 bai nuna wani bambanci tabbatacce tsakanin robot da aikin kyamara na hannu, wanda ake yi ta ƙananan huda a ciki, ba a abin da aka je aunawa, wato yawan waɗanda dole aka koma aka buɗe musu ciki. Shi kansa aikin kyamarar, gwajin COLOR II mai mutum 1,044 ya samu dawowar kansa a ƙugu kashi 5 a duka ɓangarorin, da masu ƙananan huda da masu buɗe ciki. Ana saurin tashi daga gado da kyamara, wannan gaskiya ne, amma buɗaɗɗen aiki mai tsabta ya fi aikin robot da aka yaga jaka.

Wani abin da mu ma'aikatan ciki muka sani 'yan uwan majinyaci ba su sani ba, sunan da ke kan kati ba lallai shi ne hannun da ke cikin ciki ba. Babban farfesa yana da taro yau a Legas gobe a Dubai, ga ɗalibai ga kwamitoci, a asibitin koyarwa kuma dole a bar masu neman ƙwarewa su yi aiki don haka ake koyo, ba aibu ba ne in maigidan yana tsaye a kansu ya sa safar hannu. Abin tambaya shi ne zai tsaya ɗin? Sannan yoyon ɗinki ba a kan tebur yake bayyana ba, sai wajen kwana na huɗu zuwa na bakwai, zazzaɓi ya taso zuciya ta riƙa gudu ciki ya kumbura, a wannan daren wa zai zo? Binciken GlobalSurg ɗin da na ambata abin da ya gano ke nan, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mutuwa cikin kwana 30 bayan aikin kansar hanji ta ninka ta ƙasashe masu arziki, kuma babban dalili ba wai an fi samun matsala ba ne, a'a, in matsalar ta zo ne ba a iya ceto mutum, ba sikanin cikin dare, ba gadon kulawa ta musamman, ba isassun nas. Don haka kana zaɓen likita kana zaɓen asibiti ne da duk tawagarsa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In aka ce in raba gardama, ni wurin da ƙarin yake nake fara kallo. In a can sama ne cikin babban hanji, dama ko hagu, aikin ya fi sauƙi, fili ne, ba a cika buƙatar gashi ba, gogaggen likitan fiɗa da ke yin sa a kai a kai ya wadatar, kar ka sayar da gona don neman mai suna. Abin da za ka nema shi ne rahoton lab ya nuna an ciro kaluluwa aƙalla 12 kuma bakin yankan ba kansa, sai a ga ko ana buƙatar kemo. In kuma hanjin ya riga ya toshe mutum na amai ciki ya yi tulu, to ba lokacin duba Google Scholar ba ne, wanda ke kusa kuma ya iya shi ne naka. Amma in ƙarin yana ƙasa cikin ƙugu kamar na kawu, 'yan santimita daga bakin dubura, a nan ne nake son mutumin da ya haɗa biyun, yana yin aikin da yawa kuma yana zama teburi ɗaya da likitan gashi da na kemo da mai karanta hoto da mai duba nama kafin a yanke shawara. In ba a samu mai haɗa biyun ba, ni zan ɗauki mai hannu wanda ke cikin irin wannan zama a kan mai takardu da ke shiga ƙugu sau uku a shekara. Wanda kuma ya ce maka gobe a shiga tiyata alhali ba a yi MRI na ƙugu ba ba a yi sikanin ƙirji da hanta ba, ko takardunsa sun kai dubu, ko hannunsa na zinare ne, ka nemi ra'ayi na biyu.

Tambayoyin ba su da yawa kuma ba rashin kunya ba ne, sai dai a iya baki. Mu mun saba in muka shiga gaban likita sai "to likita, duk yadda ka ce", alhali cikin ladabi za ka iya cewa, ranka ya daɗe irin wannan aikin kamar sau nawa kake yi a shekara, kuma kai da kanka za ka yi? Cikin waɗanda ka yi wa, ana samun yoyon ɗinki kamar nawa? Wanda ya ce maka bai taɓa samu ba ko dai bai yi da yawa ba ko ba ya ƙirgawa, don ko a manyan cibiyoyin duniya ana samu. Ka tambayi zancen jaka ƙarara, ta wucin gadi ce da za a mayar bayan 'yan watanni ko ta har abada, don wannan shi ne abin da ya fi tsaya wa dattawanmu a rai, kawu tambayarsa ta farko ba zan warke ba ce, ya zan yi da alwala da limancin masallacin unguwa ce. Malamai suna da bayani mai sauƙi kan masu lalura irin wannan, a tambaye su tun kafin aiki hankali ya kwanta. Kuma a sani barin dubura ba kullum ne nasara ba, in an haɗa hanji ƙasa sosai wasu suna fama da zuwa bayan gida sau da yawa da kasa riƙewa, har likitoci a Denmak suka fito da ma'auni na musamman don wannan a 2012, wani jakar ce ma za ta fi ba shi sukunin shiga mutane. Likitan kirki zai faɗa maka wannan da kansa.

Masu tunanin fita waje kuma su sa lissafin bibiya, aikin kwana ɗaya ne amma sa ido shekara 5 ne, gwajin jini na CEA mai iya nuna alamar dawowar kansa, da sikanin da kyamara. In za a fita a dawo da cikakken rahoton aiki da na lab da faifan hotuna, kuma tun kafin a tafi a san likitan gida da zai karɓa.

Mu dai da muka je wurin kwansaltan ɗin na yi masa tambayoyin nan kawu na zungurina da ƙafa wai ina tsare bawan Allah, shi kuwa dariya ya yi ya jawo wani littafi mai baƙin bango daga durowa, sunan duk wanda ya yi wa aikin dubura da abin da lab ta ce da inda mutum yake yanzu, har waɗanda suka rasu ya sa musu alama da jan biro. Ya duba MRI ya ce ƙarin ya matso tantanin ta gaba, shi ba zai taɓa ba sai an yi gashi da kemo, kuma a kai naman a yi gwajin MSI, ya ƙara da cewa a zamansu na ranar Laraba farfesan ma yana zuwa, za su duba hoton tare in an sake ɗauka. Ƙanwata har yanzu ba ta sauko ba, jiya ma ta sake turo wata takardar farfesan. Kawu yana sati na uku na gashi, abin da yake ƙorafi a kai yanzu zafin fitsari ne da kuma an hana shi yaji.